Shekarar da Aka Ƙera Barewa

Ƙarfe huɗu saura kwata na yammacin wata Asabar abubuwa suka fara rikice mini, a wani shagon kayan tsofaffin motoci da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Na san lokacin ne saboda agogon bango nake kallo, don kada in kalli fuskar mai shagon. Ban cika wata guda a Ingila ba. Gwamnatin jiha ce ta turo ni karatun adana littattafai, a shekarar da sojoji suka koma bariki.

Na ajiye hotunan da na zo da su a kan kanta, na ce kafiretar wannan motar nake nema. Tun a cikin bas nake bitar maganar a zuci.

Ya ce, "Ta wace shekara?"

Na ce irin ta fim ce, na faɗi sunan fim ɗin.

Ya ce, "Ba fim na tambaye ki ba, shekara na tambaye ki. An fi shekara goma ana ƙera motar nan, kowane zubi da irin kafiretarsa. Ina lambar jikinta?"

Na ce babu. Ya turo mini hotunana da yatsa ɗaya, ya kalli na bayana.

Motar ta Baba ce. Koriya ce mai kujera biyu, mai dogon hanci, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Barewa yake ce mata. Tun kafin a haife ni take zaune a kan bulo a tsakar gidanmu na Mandawari. Baba bakanike ne. Yana saurayi ya ga irinta a wani fim ɗin Turawa, ya yi ta komawa silima har mai yankan tikiti ya gaji ya riƙa barinsa ya wuce. Da wani Bature mai sayen gyaɗa zai bar ƙasar, sai ya bar gawar irinta a garejin da Baba ke aiki. An riga an kwance mata kafireta, wato ƙarfen da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha, tsatsa kuma ta cinye ɗan faifan da lambarta ke jiki. A daminar da ruwa ya rushe katangarmu ta gabas aka turo ta ta gurbin, aka mayar da gini. Tun daga nan ba ta da hanyar fita, domin ƙofar zaurenmu ko jaki mai mangala sai ya karkace.

Baba ya gyara komai nata, sai wannan ƙarfe ɗaya. Ya gwada na motoci iri-iri, babu wanda ya zauna. Abokansa sun ce ya sa mata injin Japan ya huta, ya ce ba a sa wa barewa zuciyar akuya. Ana nan har ciwon ido ya ci ƙarfinsa, ya daina zuwa gareji, ya koma shafa ta da tsumma kowace safiya.

Baffa, yayan Baba, shi ne mai gida. Ɗansa zai yi aure bayan Babbar Sallah, kuma inda Barewa take nan ne kaɗai filin da ya rage na gina ɗaki. A gaban kowa ya ce, "Ranar da akwalar nan ta tashi, ni da hannuna zan ɗauki diga in fasa katanga ta fita titi. In kuwa aka yanka ragon layya ba ta tashi ba, 'yan gwangwan za su fitar da ita ta zaure, gunduwa-gunduwa."

Ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba. A sashen Baffa na tashi. In Baba na son ruwa, ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya kalli sama ya ce, "A kawo ruwa." Ni ma ban taɓa yi masa tambaya kai tsaye ba, sai dai in faɗa wa Baffa ya kai. Saƙon kafiretar ma ta bakin Baffa ya zo mini, shi da ya fi kowa son ganin bayan motar. Ya miƙo mini hotunan da mai hoto ya ɗauka ta gaba da baya da ciki, ya ce, "Ubanki ya ce in kin je ki ce musu irin ta fim ce, sun sani. Ni dai na sauke nauyi."

Daga shagon nan laburare na koma, don nan ne kaɗai ba a tambayata sai in na tambaya. Na samo littattafan tarihin motar, na baje hotunan Baba a gefe, na bi su gaɓa-gaɓa. Fitilun gaban Barewa suna da murfin gilashi, littafi ya ce wannan zubin farko ne. Fitilunta na baya a ƙarƙashin bamba suke, littafi ya ce wannan zubin ƙarshe ne, shekaru bayan an daina murfin gilashi. Maɓallan gaban direba kuwa na zubin tsakiya ne. Na ɗauka ni ce ban iya kallo ba. Na aro gilashin ƙara girman rubutu, na sake bi, amsa ba ta canja ba.

Wani ma'aikacin laburaren ya ga abin da nake fama da shi, ya ce ana cin kasuwar tsofaffin kayan mota a wani fili a bayan gari. Na je ana ruwa. Filin duk taɓo ne, ƙarafa a shimfiɗe a kan tamfol, maza masu manyan takalma suna zagayawa. Babu mace baƙa mai mayafi sai ni. Na zaga har ƙafafuna suka daina jin sanyi ban iya yi wa kowa magana ba. Wani ne ya fara yi mini, mai fara'a, mai jan gemu. Ya karɓi hotunan da hannu biyu, ya ce ya kalli fim ɗin nan yana yaro, ya ce mahaifina mutum ne mai sa'a. Tun da na sauka ƙasar babu wanda ya yi mini magana mai tsawo haka. Ya shiga bayan motarsa ya fito da ƙarfe yana walƙiya, ya ce, "Ga ta shekarar fim ɗin, ba ko tantama." Abin da na ware don rigar sanyi na ba shi.

Akwai wani Alhaji ɗan Dala mai fataucin leshi da ke zirga-zirga tsakanin Landan da Kano, ta hannunsa na aika. Gidanmu babu waya. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Baffa kan je wani shago a Ƙofar Nassarawa ya zauna jiran kirana, ni kuma in sayi katin waya in tsaya a rumfar gilashin da ke bakin titi.

Wata Juma'a Baffa ya ce, "'Yar boko, ƙarfenki ya iso. Kyau dai kamar a ci abinci a kai."

"Ya zauna?"

"Ina fa. Ramukan noti ba su hau ba ko ɗaya. Ubanki ya shafa ya shafa ya ce wannan ko 'yar uwar Barewa ba ce, ta wata motar ce dabam aka wanke." Ya ƙara da cewa, "Bai ce komai a kanki ba. Ya naɗe shi a tsumma ya sa ƙarƙashin gado."

Na koma filin kasuwar. Tumaki na tarar suna kiwo.

Azumi ya same ni a tsakiyar hunturu. Yinin gajere ne, rana ba ta gama fitowa take faɗuwa, amma ban taɓa yin azumi mai nauyinsa ba. Ina shan ruwa ni kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai da shayi da biskit, ina tuna kunun tsamiya da ƙosan da ake kai wa zaure a kwanon sha. Rigunan da na zo da su nake jerawa ɗaya kan ɗaya in fita. Wani Bafakistane mai kanti da nake sayen katin waya wurinsa ya lura, sai na riƙa tarar da dabino a cikin ledata. Wata rana kuma ya miƙo mini tsohuwar rigar sanyin 'yarsa, yana kallon wani wajen, ya ce ta yi mata kaɗan. Ta yi mini yawa, na gode masa ina kallon ƙasa.

Bayan Ƙaramar Sallah na ji labarin ƙungiyar masu irin motar, suna haɗuwa ran Lahadi da rana a wata mashaya a garin da ke gaba da namu. Na je, na ga motocin a jere a waje, ja da fari da shuɗi, duk Barewa. Sai na ji kamar na ga 'yan gidanmu. Amma mashaya ce, ban iya shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa da ambulan ɗin hotuna har wani dattijo ya fito shan taba ya tambaye ni ko ɓata na yi. Da ya ga hotunan sai ya leƙa ciki ya kira sauran. Suka fito da kofuna a hannu suka kewaye ni.

Ɗaya ya ce zubin farko ce, ga fitila. Ɗaya ya ce ya je a duba masa ido, ga baya. Na uku ya ce maɓallan sun ƙaryata su duka. Suka manta da ni, suka shiga musu kamar 'yan majalisar bakin titi. Wani mai hular fata ya ce, "Jabu ce. An tattaro tarkace an haɗa." Suka yi dariya. Wani ya tambayi mene ne wancan a bayan motar, na ce turmi ne, suka sake yin dariya. Na karɓe hotunana ina ƙirga su da yatsa don kada hawaye ya zubo.

Dattijon farko ne ya biyo ni har tashar bas. Ya ce wanda ya ba masu fim ɗin hayar mota ya mutu, amma matarsa na nan a wani ƙauye a bakin teku. Ya kwatanta mini hanya. Ya ce, "Ba ta da haƙuri, amma ba ta ƙarya."

Jirgin ƙasa na hau, sannan bas, sannan na gane bas ɗin ba nan ya nufa ba, na sauka na jira wani a cikin iska mai yanka kunne. Na isa a jiƙe sharkaf. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in cire takalmi kafin in kashe mata kafet. Ta ba ni tawul da safar mijinta, ta haɗa shayi mai kauri, sannan ta ce me ke tafe da ni. Na ba ta hotunan. Ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta ɗauko kaset ta sa a bidiyo.

Ban taɓa ganin fim ɗin ba sai ranar, amma na san shi. Baba kan ba yaran gida labarinsa a gindin motar, ni ina bayan labule ina ji. Na san inda motar za ta sha kwana, na san gadar. Tsohuwar ta tsayar da hoton.

Ta ce, "Kalli gaba. Wannan ita ce 'yar lelen mijina, zubin farko, bai yarda ta yi gudu ba." Ta saki, ta sake tsayarwa. "Yanzu kalli baya. Wata motar ce, sabon zubi, ita aka kora a kan duwatsu aka jefa a rami. Cikin kuma da kike gani, rabin mota ce da aka yanka don kyamara ta samu wurin zama. Motoci uku ne, yarinya. Motar fim ɗin nan babu ita a duniya."

Ta ɗauki hoton gaban Barewa ta kai shi kusa da taga. "Sai dai a tsakar gidanku. Wannan murfin fitilar ba aikin kamfani ba ne. Dubi bakin ƙarfen, da guduma aka lanƙwasa shi a hankali. Hannu mai kyau. Wa ya yi?"

Sai na tuna wata ƙara da na tashi da ita ina ƙarama, ƙwas-ƙwas da sassafe a tsakar gida, da wani maƙeri da ke zuwa daga Dala su tsuguna da Baba. Ban taɓa tambayar abin da suke bugawa ba.

Ta ce, "Kina bin inda kyamara ta kalla ne, shi ma nan ya bi. Ki tambaye shi yadda ta zo masa kafin ya taɓa ta."

Na ce, "Ba na tambayarsa abu."

"Kun yi faɗa?"

"A'a. Ni ce ta fari."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin kunyar ɗan fari, Turancina ya ƙare a hanya. Ta girgiza kai ta ce ita ma mijinta da motoci ya yi hirar rayuwarsa, ita sai abin da ta tsinta. Ta ce, "Ni ba zan ba ki shekara da ka ba, an riga an cuce ki sau ɗaya. Kowane iri akwai a rumfar baya. Ki kira shi. Abin da ya faɗa shi za ki ɗauka."

Juma'ar da ta biyo na ce wa Baffa ya zo mini da Baba mako mai zuwa.

Ya ce, "Wa? Ubanki? A waya?" Ya yi dariya har da tari. "Lallai zamani ya juya. Soja ya bar mulki, 'yar fari na kiran ubanta. To me za ki ce masa da ni ba zan iya kaiwa ba?"

Na ce, "Baffa, don Allah."

Ranar na riga lokaci zuwa rumfar waya. Da aka ɗauka sai na ji numfashi kawai, da ƙarar babura a bayansa. Can ya ce, kamar yana magana da bango, "Ana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya jiki?"

"Da godiya."

Ina kallon katina yana raguwa. Na rufe ido na ce, "Baba, ranar da aka shigo da Barewa gida, fitilunta na gaba da murfi ko babu?"

Ya gyara murya.

"Wa ke tambaya?"

"Ni ce."

Na ji ya ce, "Yaya, ɗan ba ni wuri." Na ji Baffa na mita yana nisa. Sannan muryar Baba ta dawo ƙasa-ƙasa.

"Babu. Idanunta a waje suke kamar na kwaɗo. Ni na rufe su. Maɓallan ma ni na canja. Bayanta ne kawai na samu daidai da ta fim, sai na ce ai sauran ma kuskuren kamfani ne." Ya ja numfashi. "Duk Mandawari sun san irin ta fim ce. Kada a faɗa wa Yaya."

Na ce, "Matar wanda ya ba da motocin fim ɗin ta ga hoton. Ta ce wanda ya buga murfin nan yana da hannu mai kyau."

"Ta ce haka?"

"Ta ce."

Sai ya ce, "Ana dai cin abinci ko?"

Kafin in amsa katin ya ƙare.

Na sake bin jirgi da bas zuwa bakin teku, wannan karon ban ɓata ba. Na ce wa tsohuwar fitilun a buɗe suka zo. Ta ce, "To zubin ƙarshe ce," ta faɗi shekarar kamar mai faɗin sunan maƙwabci. Ta shiga rumfa ta fito da kafiretar, ƙarafa biyu a haɗe, baƙi ƙirin da tsohon mai, babu abin da ke walƙiya a jikinsu. Ta ƙi karɓar komai, sai hoton gaban Barewa ta ce in bar mata. Na rungumo su a cikin rigar 'yar Bafakistanen har Landan, man ya ɓata ta bai fita ba har yau. Na samu Alhajin leshi yana ɗaure kaya, tafiyarsa ta ƙarshe kafin Sallah. Ya ɗaga ya ji nauyi ya ce, "Malama, ke kowa na aika turare, ke ƙarfe." Amma ya karɓa.

Ranar Sallah ina aji. Malamin na bayanin yadda ake kare takarda daga danshi, ni ina lissafin cewa yanzu an sauko idi, yanzu an kayar da rago, yanzu wataƙila 'yan gwangwan sun yi sallama a zaure da zarto. Ban san ko saƙon ya isa ba. Ban san ko Baba zai iya ɗaura shi da lalube ba. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Da Juma'a ta zo na kira. Baffa ya ɗauka yana haki.

"Baffa, ta tashi?"

"Ke ba kya gaida mutane? Ba barka da Sallah, ba ya iyali?"

"Barka da Sallah, Baffa. Katina kaɗan ne. Ta tashi?"

Ya ce, "Tashi? Tari ta yi, irin na tsohon da ya fara shan taba tun yana yaro. Ta cika gida da hayaƙi, awaki suka tsinke igiya, sannan ta mutu. Ubanki ya ce tari ma tashi ne, liman ya goyi bayansa. Ajiye wayar nan, 'yar boko, diga na aro, mai ita na son abarsa kafin magariba. In kina da sauran lokaci a can ki koyo tuƙi, don shi ko gurbin da zan fasa ba zai gani ba."